Ruwan da aka sakar wa gidan lemun Kawu Bala

Bana shekara huɗu ke nan da rasuwar kawuna, Malam Bala, a Alƙahira. Karatu ya kawo shi Masar tun yana saurayi, bai kuma koma gida ba. In ban da iyali, abin da ya riƙe shi wani tsohon gini ne a unguwar Ma'adi, wanda wani attajiri ya gina wa itatuwan lemu a zamanin da.

Da na zo karatu na zauna a hannunsa, dariya nake masa. Lemu da ɗakinsa, ɗalibai kuwa a cunkushe a unguwar Darrasa! Sai ya ja ni ciki ya nunnuna min. Bangon arewa na dutse ne mai kauri, babu ko taga, don tare iskar hunturu. Ta kudu kuwa dogayen tagogi ne masu baka, gilashi tun daga ƙasa har sama, ƙarafan rufin a murɗe kamar rassa. Shi da amininsa Ustaz Magdi, jikan mai ginin, suka yi ta zarya ofis-ofis har hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana rushewa.

Ranar ta'aziyya Magdi ya riƙe hannuna yana hawaye, ya ce, "Muddin ina raye ba mai taɓa dutse ɗaya."

Bai taɓa ba kuwa. Famfo ya sa aka saki a gindin bangon arewa wata da watanni, wai ban-ruwa ake yi. Harsashi ya jiƙe, bango ya tsage, injiniyoyi suka ce ginin haɗari ne ga jama'a. Dokar da ta kare lafiyayyen gini ba ta kare mai shirin faɗuwa, sai aka rushe shi. Kawu 'yan kwangila yake tsoro. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Na tare Magdi bara, ana haƙa ramin bene a wurin. Na ce, "Ustaz, ina alkawari?"

"Ma'alish, yi haƙuri ɗana, zamani ne," in ji shi.

Har yau abin na ci min rai. Da Kawu na nan, na san ba zai zage shi ba. Uzuri zai nema masa, wannan ne ma ya fi ƙona ni. Abin da ya rage na Kawu shi ne wannan yarda da mutane, ni kuma ban gaje ta ba.

Matar Kawu, Inna Habi, ta koma Zariya, ba ta san an rushe ginin ba. Duk bazara takan kira ni ta ce, "Lemun kawunka ya yi fure?" Bana na ce mata a'a. Ta ce in sa a ƙara masa ruwa.