Maganin Sukarin Inna da Maƙwabciyarta

Shekarun baya, lokacin ina aiki a Gaya, likita ya tabbatar mahaifiyata tana da ciwon sukari. Ita tana gida a Gafasa, ni kuwa sai na naɗa kaina sarkin sa ido. Duk Asabar zan hau babur in je, ko ruwa ban sha ba, zan ce a miƙo mini katin ƙwayoyin. In na ga gurbin kowace rana wayam, sai in gyaɗa kai kamar wani babban likita, in koma ina yi wa 'yan'uwana fankama cewa ni na iya jinya.

Amma duk zuwa asibiti, in aka soki yatsarta aka auna, sukarin yana sama. Ga wani ciwo da kara ya ji mata a ƙafa lokacin roron gyaɗa, ya ƙi warkewa har ya fara baƙi. Likita ya ja ni gefe ya ce in aka ci gaba a haka, sai an yanke yatsun. Ya tambaya ko tana shan magani, na bugi ƙirji na ce da idona nake dubawa. Ban gaya wa Inna zancen yankan ba, amma Allah ya sani na tsorata ƙwarai.

Wata ranar kasuwar Ajingi na ci karo da maƙwabciyarta, aminiyarta tun suna amare. Muna gama gaisawa ta kama sa mini albarka.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Maganin nan naka ya karɓe ni, fitsarin ma ya ragu."

"Wane magani, Iya?"

"Na sukari mana, wanda muke sha da innarka. Yau ita, gobe ni."

Ban tsaya cefanen ba, na zarce gida. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, ashe raba maganin nan kuke yi?"

Ko ɗar ba ta ji ba. "To ya kake so in yi? Ƙishirwar nan da yawan fitsarin ita ma su ke damunta, ba ta da mai kai ta asibiti. Tuwo ban taɓa ci tana kallona ba, sai magani?"

Sai kawai na durƙusa na ce, "Inna, ƙafarki fa ake maganar yankewa."

Ta ajiye gyaɗar, ta daɗe tana kallon ƙafar.

Washegari na kwashe su biyun zuwa asibiti. Aka auna Iya, ita ma sukarin ne, aka rubuta mata nata maganin daban. Likita ya yi musu faɗa sosai, sannan ya kalle ni ya yi dariya, na sunkuyar da kai. Da Inna ta koma shan nata kullum, sukarin ya sauka, ciwon ya bushe a hankali.

Tun daga nan na gane duba kati ba ya gaya maka cikin wa ƙwayar ta shiga. Sai ka zauna ka tambayi mutum da lalama. Inna ta ƙara tsufa yanzu, amma duk ranar da na ga ta zura silifas ta fita gidan suna da ƙafarta, yatsunta cif, sai in tsaya a bakin zaure ina yi wa Allah godiya har ta sha kwana.