Ranar da Sabis Ya Ɗauke a Ƙofar Durbi

Akwai dogon ƙarfen sabis a bayan gidanmu a Ƙofar Durbi. Lokacin da kamfanin waya ya kafa shi murna muka yi, duk da ƙarar janaretansa da ba ya hutawa. Kana kwance a ɗaka sai ka kira Legas kamar kana magana da mutumin da ke zaure. Daga baya motar da ke kawo wa injin mai ta fara jinkiri, har ta daina zuwa. Aka sallami maigadin wurin, ɓarayi suka kwashe batura. Tun daga nan sabis ɗin unguwarmu ya koma bin wutar lantarki, in an ɗauke ta shi ma ya tafi. Kuɗin kira da na data kuwa kullum gaba suke yi.

Muna gunaguni muna haƙuri, har ranar da Inna, mahaifiyarmu, ta rasu.

Da hantsi ta cika, bayan doguwar jinya. Mutum na farko da na nema shi ne yayana, wanda ke zaune a Batagarawa yana fataucin hatsi a kasuwannin ƙauye. Duk cikinmu shi ya fi shaƙuwa da ita. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Na fito titi na miƙe har Ƙofar Marusa, hannuna a sama kamar taɓaɓɓe, kafin na samu. Sai muryar macen nan ta inji, cikin natsuwarta mai ban haushi, ta ce lambar da nake kira ba ta samuwa a yanzu. Na tura saƙo, ya maƙale. Na ari wayar wani mai kanti da ke kan layin wani kamfanin, ta shiga, na ji sallamar Yaya. Na ce, "Yaya, Inna ce..." sai ɗif, ta yanke. Ba ta ƙara shiga ba.

Muka tura ɗan acaɓa gidansa. Matarsa ta ce tun da sassafe ya fita, ba ta san kasuwar da ya nufa ba. Kawu, ƙanin Inna, ya ja ni gefe ya ce, "Ba a ajiye gawa don jiran waya. Ka ga zafin da ake yi." Ana idar da azahar muka kai ta.

Bayan la'asar sai ga Yaya a kan babur, ya ɗauro ƙullin gero da yakan kawo mata don kunu. Daga kasuwa ya biyo kai tsaye, bai san komai ba. Ya ga tabarmi a ƙofar gida, ya kashe babur, ya ce, "Wa ya rasu?" Kowa ya sunkuyar da kai, ni na tashi na faɗa masa.

Yana zaune ana yi masa gaisuwa wayarsa ta yi ƙara. Saƙona ne na safe, sai a lokacin ya iso. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a wunin nan saƙonnin talla sun shigo tawa wayar lafiya lau, wai in sayi waƙar da masu kirana za su riƙa ji. Wannan bai taɓa ɓata hanya ba.

Washegari na raka Yaya maƙabarta na nuna masa kabarin. Ya daɗe a tsugunne. Muna dawowa ya ce, "Ta neme ni?" Na gaya masa gaskiya, ta tambaye shi da safen.

Da aka share makoki na tafi ofishin kamfanin. A da wuri ne babba mai sanyi, yanzu an ba wani mai sayar da kujeru rabinsa haya, ma'aikaciya ɗaya ce a bayan kanta. Na kwashe labari na faɗa mata.

Ta ce, "Allah ya jiƙanta, Malam. Wallahi kamfanin ne ke cikin wani hali. Mai ya yi tsada, masu aikin hanya na tsinke mana wayoyi, mu kanmu an sallami da yawa daga cikinmu."

Na ce, "To jaje zan yi wa kamfanin? In ba za ku iya ba, mi ya hana ku fito ku ce ba ku iyawa? Ko sau ɗaya kun taɓa fasa cirar kuɗinmu?"

Sai ta ce in gwada kashe wayar in sake kunnawa. Na fito na tarar ana ɗaura sabon ƙyallen talla a bango, wai sabis mai gudun walƙiya ya iso Katsina.

Yaya bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, ya ce haka Allah ya tsara. Na yarda da ƙaddara, amma ban yafe wa kamfanin ba. Shi dai yanzu ba ya fita daga gida sai ya gaya wa matarsa kasuwar da zai je da hanyar da zai bi.