Shekarar da Askata Ta Yi Rawa

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zai kwashe shekarar da hannuna ya kama rawa ba. Ni wanzami ne a Dakoro, gado na yi. Lakwal kuwa, makarantar boko, leƙa ta na yi, na ga bulala, na komo gida.

Da tunani abin ya soma. In hadari ya taso, in ce katanga za ta faɗi. In bai taso ba, in ce gero ya ƙone. Ɗana da ke Agadas in bai kira ba, ya mutu. In ya kira, gabana ya faɗi, to wa ya mutu? Akuya ta yi tari, na gama binne garken duka a zuciyata. Wata da watanni haka: barci ya ƙaura, wuya ya sanƙare, kowa ya yi magana in hau shi da faɗa. Sannan hannu ya shiga karkarwa. Wata ranar kasuwa na ɗora aska a kan wani Bafillace daga Korahane, ya ga tana rawa, ya miƙe da rabin aski ya ce, "Wanzam, sauran na bar maka sadaka."

Mu wanzamai duk ciwon duniya sunansa ɗaya, mataccen jini. Na sa abokin sana'ata ya kafa mini ƙaho har bayana ya koma kaskon masa. Jini ya fita, tunani yana nan daram. Ƙari ma na samu: in jinin ya ƙare fa?

Lokacin ɗiyata tana da ciki. A gidanmu ba a taɓa ba baƙo askin jariri ranar suna ba, amma na ce a fara neman wani. Tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta dube ni ta ce, "Malam, kana raye a kai jikanka ga wani wanzami? Sa takalmi, likita za mu."

Majon da muka tarar, mai duba marasa lafiya, mace ce, sa'ar ɗiyata. Ta auna tansiyo, wato hawan jini, ta saurari ƙirji, ta sa a ɗibi jini. Na ce su yi a hankali, saura kaɗan ne. Komai ya fito lafiya, sai ta ce, "Baba, me kake tsoro?"

"Ɗiyata, tambayi abin da ba na tsoro, mu gama da wuri."

Ta ce wannan ciwo ne sananne, fargaba ce mai tsalle daga wannan zuwa wancan. Ba iskoki ba ne, ba ƙarancin imani ba, kuma ba ya fita ta ƙaho. Ta tambayi shayin da nake sha. Na ce na farko kaɗai. Tsohuwata ta ce, "Na farko a kowace rumfa."

Aka rage mini shayi da goro. Ta koya mini jan numfashi a hankali, ta ba ni ƙwayoyin da sai sun yi makonni suke kamawa, ta ce kada in bari da kaina, in riƙa komowa muna zance. Tunani kuma in ya zo da safe, in ce masa ya dawo bayan la'asar. Aska ko kada in aje ta, in soma da abin da ba ya tsorata ni. Na soma da kabewa, na koma kan mijin ɗiyata, wanda kunya ba ta bari ya gudu.

Ranar suna aka miƙo mini jikar, mace, kanta taushi kamar tuwon da bai huce ba. Fargaba ta iso da gudunta. Na ja numfashi na ce mata, "Sai bayan la'asar." Na aske kan tas, ko ƙwarzane babu. Na ce, "Amaryata, kin ga aikin mijinki?" Ta yi mini fitsari a riga.

Har yau fargabar kan kawo ziyara, sai dai ba ita ke riƙe askar ba. Abin da na koya: ba kowane ciwo ke cikin jini ba. Wani sai ka buɗe baki ka faɗe shi ga wanda ya san maganinsa, ko da kai ne wanzamin gari.