Kiran da Delbert Ya Tsallake

Kullum da hantsi yana kujerar lungu a gidan abincin Charlene, a wani ƙaramin gari na Ohio. Tsoho ne mai jan wuya, da hular 'yan kwana-kwana ta gwanjo, ko da yake hannun nan nasa mai laushi bai yi kama da wanda ya taɓa riƙe tiyo ba. Gefen kofinsa akwai 'yar rediyo mai bin layukan 'yan sanda da motocin asibiti. Charlene ba ta san komai nasa ba sai suna, Delbert.

Gobara ce abincinsa. Da an ce gida ya kama, sai ya ƙara sauti yana lasar leɓe.

Yau rediyon na cewa wata tsohuwa ta faɗi a banɗaki, Titin Alder, gida na tara. Ya danna maɓallin tsallakewa zuwa wani layi.

"Haba Baba, bari mu ji ko tana numfashi mana," in ji Charlene.

"Matata ce, 'yar nan. Duk mako sai ta faɗi." Ya turo mata kofi. "Ƙaro min, mu ji ko akwai inda wuta ke ci."