Finjalin Zamzam a Idon Dogo

Dogo mai farar ƙasa ɗan manoman auduga ne na yankin Jazira a Sudan. Ya ce shi da fartanya haihata-haihata, ya sauka unguwar Dar Salam ta Omdurman da buroshi da bokiti. Duk gidan da za a yi biki a Omdurman, shi ake kira ya shafe bango.

Sana'ar tasa da abin kallo. Jir, wato gasasshen dutsen da ake jiƙawa a yi farar ƙasa, sanyi ƙalau yake a hannu, amma da ya sha ruwa sai ya hau tafasa, ba itace ba gawayi. Dogo yakan jefa ƙwai a ciki ya tsamo shi dafaffe, yana taƙama. "Wutar da aka gasa shi da ita ce ke barci a ciki," yake cewa. "Ruwa kaɗan tashinta yake yi, mai yawa ke kashe ta."

Ran nan Hajja Awadiyya, wata attajira da ba ta daɗe da dawowa daga Makka ba, ta kira shi aiki saboda auren ɗanta. Yana sauke buhu daga keken jaki, buhun ya fashe, garin jir ya cika masa ido. Hawaye ya zubo, hawaye kuwa ruwa ne, wutar ta farka.

"Moya, ya Hajja! Ruwa! Ku juye mini barmil ɗin nan duka!"

Barmil ɗin, wato gangar ruwa, ita kaɗai ce cike a gidan, an tanade ta don baƙi. Hajja ta dubi gangar, ta dubi Dogo.

"Haba ya waladi, ɗana, ga wanda ya fi barmil."

Ta kawo zamzam a finjalin gahawa. Dogo na ihu kada a ɗiga, ta sa maza suka danne shi, wai zafi ne ya juya masa hankali. Ta riƙa ɗigawa a hankali, tana bisimilla, don kada ko ɗigo ya zube ƙasa. Kaico! Yana kwance yana jin idanunsa na dahuwa.

Wani ya ƙarasa shafen, bango ya yi fari fat, aka sha biki. Yanzu Dogo ba ya gani, jiƙa wa wasu jir yake yi, da kunne yake gane ya tafasa. Hajja kuwa har gobe tana gaya wa baƙi cewa ba don zamzam ɗinta ba, da bawan Allah nan har ransa ya rasa.