Ruwan Alwala da Tsakar Gidanmu

Sun ce ba za a taɓa yi ba. Dattawan unguwarmu a Filinge sun faɗa mini cewa rairayin ƙasarmu ta Kurfai ba ya riƙe tsanwa bayan kaka, kuma ko ya riƙe, gidan mutunci ba a barinsa da ciyawa. Tsakar gida a wajenmu sharewa ake yi kowace safiya har sai sawun tsintsiya ya fito, domin da shi ake gane matar kirki. Gidan da ganye ya rufe ƙasarsa, ko kango ne ko na raggo.

Na saurare su da ladabi, kamar yadda aka hore mu a lakwal, makarantar boko ta da, amma ina da dalilin da ban bayyana musu ba. A lokacin soja ke mulki, ni kuwa na aje aikin daraktan makaranta na dawo gida. Uwargidana ɗiyar bakin kogi ce, daga wajen Yamai na auro ta. Idanunta sun fara dushewa, likita kuma ya ce ba za su dawo ba. Da rana hasken farin yashi yakan soke su har ta riƙa rufe fuska da mayafi. Wata rana ta ce mini, “Malam, a mafarki kaɗai nake ganin kore yanzu.” Na ƙudura sai ta gan shi a farke kafin duhu ya rufe.

Na sauka fadama na tsinko duman kada, wannan mai yaɗo a ƙasa da fure ruwan hoda, wanda awaki ba su kula shi. Na dasa rassansa a gindin katanga. Da gari ya waye babu ko ɗaya. Ita da kanta ta share su, domin hannunta ya san aikinsa ko ido bai gani ba. Na sake dasawa, na roƙe ta ta jingine tsintsiya. Ta ce, “Matan unguwa za su ce makanta ta mai da ni ƙazama.” Muka yi sulhu: na bar mata hanya daga zaure zuwa ɗaki, da wata zuwa madafa, ta share su yadda take so, macizai ma su san iyakarsu.

Saura ruwa. Rijiyarmu na da zurfi, ba a ɗebo ruwanta don ciyawa. Sai na lura da inda muke alwala: wuri guda ne tun gina gidan, kullum a jiƙe, ba ya amfanar kowa. Na fara ɗaga buta da dutsen zama ina gusa su gaba kaɗan, inda yaɗon ya nufa. Duk wanda ya shigo gidana lokacin salla, inda buta take nan zai tsuguna.

Taubashina, wanda kiwo ne sana’arsa, ya fi kowa dariya. “Darakta, yaran mutane sun huta da bulalarka, yanzu ciyawa kake koya wa karatu?”

Na ce, “Ta fi ka ɗaukar darasi. Matsa hagu, ka wanke ƙafarka a kan wancan reshen.”

Ya matsa, yana gunaguni.

A hankali ganyen ya bi buta kamar ɗan rago na bin uwarsa. Wani lokaci da hantsi nakan zauna ina kallo, sai in ga kamar kogin ƙuruciyarta ne ya taso daga yamma, ya ratsa tudu da gonakin hatsi, ya kwanta a ƙofar ɗakinta. Amma na ji tsoron tambayarta ko tana ganinsa.

Wata safiya na same ta tsaye a kan hanyarta, tsintsiya a hannu, fuska a buɗe. Ta daɗe tana duban ƙasa. Ta ce, “Malam, kore ne. Akwai wani abu ja-ja a cikinsa.” Ta sunkuya ta shafa furen. Kafin damina ta zagayo, ganinta ya tafi baki ɗaya.

Ina so a rubuta ranar da ta ga koren, kada jikokina su manta: washegarin sallar layya ce, a farkon zafin bazara, shekarar farko bayan soja sun mayar da mulki ga farar hula a karo na biyu.