Hamadar da Mahaifiyata Ta Sani

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Lyon, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Bron wanda in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa, abokina Bafaranshe ya zo mini da shawara. Hutu ya zo, ga shi da tsohuwar mota. Yana so mu gangara Sipaniya mu zaga wuraren hamada da aka killace don masu yawon buɗe ido, daga nan mu ajiye motar, mu saɓa jaka a baya mu hau duwatsun Pyrénées a ƙasa. Wai ni ne jagora, tunda ni ɗan Nijar ne. Ni kuwa ɗan cikin garin Damagaram ne, tudun rairayi a kalanda kawai na taɓa ganinsa. Amma na gyaɗa kai kamar wani tsohon madugu.

Ana gobe tafiya na shiga shagon buga waya a unguwar Guillotière na kira mahaifiyata. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, gobe za mu shiga hamada da mota, ni da abokina. Daga can za mu ci gaba a ƙasa. In kin ji shiru kada ki damu, babu rezo a wurin, waya ba ta shiga."

Sai ta ce, "Takardunka ne suka ƙare?" Na ce a'a, shan iska ne kawai.

"Shan iska a hamada?"

Na yi dariya. Sai ta ce, "To, na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini." Maganar ta dame ni, don a wurinmu ba a cika faɗin haka ba sai ga mai tafiyar da babu tabbacin dawowarsa. Na ce a raina tsoron tsofaffi ne, na fita.

Hamadar da muka tarar ta ba ni mamaki. Ga alluna masu nuna hanya, ga wurin ajiye motoci, ga tsofaffin Turawa da gajeren wando suna ta ɗaukar hoto. Kyau kam akwai shi, duwatsu jajaye kamar da hannu aka sassaƙa su. Ni jagoran kuwa ni na fara galabaita, abokina ne ya riƙa yi mini fifita da taswira yana ɗura mini ruwa. A kan dutse ma kullum ni ne a baya, ƙafata duk ta yi bororo. Salula tana can ƙasan jaka a kashe.

Ranar da muka dawo na hau bene ina fito, sai na ga kawuna zaune a bakin ƙofata, carbi a hannu. Wan mahaifiyata ne, tela a unguwar Belleville, mutumin da ko ranar Salla da ƙyar yake rufe shago, ga shi ya taso tun daga Paris. Ya miƙe ya shafa fuskata, sai hawaye. Ban taɓa ganin kukansa ba.

"Kawu, wa ya rasu?"

"Tu es fou? Ka haukace ne? Hamada ka ce wa uwarka? Tun ranar ruwa ma sai an matsa mata take kurɓa, wai ba za ta sha ba kana can da ƙishi. Har likita aka kai ta."

"Haba Kawu, wurin da har famfo akwai!"

Ya ce in zauna. "Me aka ce maka ya kashe babanka?" Na ce zazzaɓi, a Agadas, ina goye. Ya girgiza kai. "Motarsu ce ta mutu a hanyar Libiya. Ƙishirwa ce. Ni na je na karɓo jakarsa. Uwarka ta hana a faɗa maka, kada ka girma kana son ganin wurin. Shi ma da zai tafi cewa ya yi in ta ji shiru kada ta damu."

Ina zaune a kan matakala da jakar a bayana, na kasa ko sauke ta. Kawu ne ya buga lambar Inna ya ɗora mini wayar a kunne. Na yi sallama. Na jira faɗa, na jira kuka. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ka sha ruwa?"

Abokina har yau yana turo mini hotunan tafiyar, ina kallonsu ina jin abin da ban iya faɗa masa ba. Ni na je kallon kyan wuri, ban san wurin da ya mai da ni maraya nake yi wa dariya ba. Yanzu ina da iyali, na yi furfura, amma duk ranar da na kira Inna, kafin ta tambayi jikokinta sai ta yi mini wannan tambayar. Ni kuma na koyi ajiye kofi kusa da waya, in kurɓa da ƙarfi don ta ji.